Tafi-da-gidanka da Zango: Daura a Tarihin Matafiya

A Hausar yau, idan aka ce tafi-da-gidanka, waya ce ke fara zuwa a rai, sai kuma kotun da ake kafawa a bakin titi ranar tsaftar gari. Amma kalmar ta girmi wayar salula. Da ita ake kiran motar da ke ɗauke da ɗaki, ko ɗakin da ake ƙulla wa mota a baya tana ja, da gado da murhu da tankin ruwa a cikinsa. A Amurka da Turai, iyali kan ja irin wannan ɗaki su yi makonni suna bin garuruwa, su yini suna kallon tsoffin gine-gine, in dare ya yi su koma cikin abinsu su kwanta.

Turawan Ingila suna ce wa ɗakin karaban, kalmar da ta samo asali daga Farisanci, inda take nufin ayari. Akwai abin lura a nan. Ayari taron mutane ne da ba sa iya tafiya sai da juna, ba sa kuma iya kwana sai da yardar masu gari. Ɗakin da ya gaji sunan kuwa, an ƙera shi ne domin mutum ya ratsa ƙasa ba tare da ya nemi masauki wurin kowa ba. Tsakanin waɗannan ma'anoni biyu akwai dogon tarihi, kuma Daura wuri ne mai kyau na karanta shi, domin ta zauna kusan a tsakiyar hanyar Kano zuwa Zinder, ta ga ayarin raƙuma da na jakuna, ta ga motocin Sahara, yanzu kuma tana jiran jirgin ƙasa.

Garin da baƙo ya buɗe labarinsa

Duk ɗan makaranta ya san labarin Bayajidda, amma an fi karanta shi a matsayin labarin jarumta. Idan aka sake duba shi da idon matafiyi, za a ga labarin hanya ne daga farko har ƙarshe. Mutum ya baro gabas, ya zauna a Borno, ya gudo da matarsa, ya bar ta a Garun Gabas, ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare. Abu na farko da ya nema shi ne masauki, wata tsohuwa mai suna Ayana ta sauke shi. Abu na biyu ruwa ne, aka ce masa babu, domin macijin da ke rijiyar Kusugu ba ya bari a ɗiba sai ranar Juma'a. Ya ari guga, ya tafi, ya kashe macijin.

Masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kan abin da labarin ke wakilta: ko shigowar wasu baƙi daga arewa ko gabas, ko sauyin mulki daga hannun sarauniyoyi zuwa sarakuna maza, ko kuma bayanin da aka tsara daga baya domin a nuna dangantakar Hausa Bakwai. Ko wanne aka ɗauka, ginshiƙan labarin ba sa canzawa: baƙo, mai masauki, da rijiya. Al'ummar da ta zaɓi ta fara ba da tarihinta da waɗannan abubuwa uku ta san cewa arzikinta a bakin hanya yake. Kuma baƙon bai wuce da safe ba. Ya kwana, aka neme shi, ya auri Daurama, ya zama ɗan gari. Da ya zo da ruwansa da ɗakinsa, da babu labarin da za a bayar.

Yadda ayari ke kwana

Kafin mota, tafiya mai nisa a ƙasar Hausa sana'a ce mai tsari. Ayarin fatake yana da madugu, wanda ke da alhakin rayuka da dukiya, shi ke magana da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Akwai jagaba da ke gaba, wanda ya san hanya da mashaya. Akwai uban dawaki, mai tara kuɗin da za a biya a mashigai da ƙofofin gari. Akwai malamin ayari, mai rubutu da lissafi da addu'a. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya bayyana wannan tsari dalla-dalla a bincikensa kan fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja.

Ta ƙasar Daura da maƙwabtanta, kaya iri biyu ke gilmawa. Daga arewa, Buzaye na saukowa da gishirin Bilma da Fachi da dabino, su koma da hatsi da tufafi, musamman baƙin turkuɗi. A cikin irin wannan ayarin gishiri ne Bajamushe Heinrich Barth ya sauko daga Azbin a ƙarshen 1850. Sai kuma fataucin Larabawan Ghadames da Tarabulus, wanda a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ya bi ta Ghat da Agadas da Zinder zuwa Kano, ana fita da gashin jimina da hauren giwa da jemammun fatu, ana shigo da yadi da takarda da sauran kayan Turai.

Jaki da kaya ba ya wuce tafiyar yini, don haka kowace tafiyar yini tana buƙatar wurin sauka. Wannan shi ne zango: fili a wajen ganuwa, kusa da ruwa, inda ake sauke mangaloli, a kafa bukkoki, a ɗaure dabbobi. Da ayari ya yada zango sai kasuwa ta tashi. Mata su kawo fura da tuwo da dakuwa, yara su kawo ciyawa da harawa da itace, maƙeri da baduku su sami gyara, wanzami ya sami aski. Manyan fatake kuwa cikin gari suke shiga wurin fatoma, wanda ke ba su ɗaki, ya adana kayansu, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu idan an yi ciniki bashi. Sarki na samun gaisuwa da kuɗin ƙofa, shi kuma ya ɗauki nauyin tsaron hanya.

Abin da ya sa tsarin ya ɗore shi ne kowa na da riba a kwanan baƙo. Matafiyi na ɗauke da guzuri da salka, amma guzurin ba ya kai shi ƙarshen tafiya. Dole ya saya, dole ya yi magana, dole ya bar wani abu a baya. Ta haka labari da ilimi da aure suka bi sawun gishiri da goro. Har yau a Kumasi da Accra ana kiran unguwannin Hausawa da sauran Musulmin arewa da sunan zango, shaidar cewa wurin kwanan fatake na iya zama gari.

Sarautar da ta yada zango

A Daura kalmar ta shiga har cikin tarihin sarauta. Wajajen 1805, Malam Ishaku, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya ci birnin, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Gidan sarautar Haɓe bai watse ba. Bayan shekaru ana yawo, reshe ɗaya ƙarƙashin Lukudi ya zauna a Zango wajajen 1825, wani reshen ya zauna a Baure, yayin da sarakunan Fulani ke riƙe da birnin. Daga baya ƙarfin Damagaram ya rufe Zango da Baure, suka koma bin Zinder, birnin Daura kuma yana bin Sakkwato. Masanin nan M. G. Smith ya ba da littafi guda, wanda ya fito a 1978, ga wannan rikitaccen zamani.

Ma'anar wannan ga matafiyi ita ce, a ƙarni na 19, wanda ya taso daga Kano zuwa Zinder yana fita daga ikon wata daula ya shiga na wata a cikin ƙasar Daura. Duk da yaƙe-yaƙen da aka yi tsakanin Damagaram da Kano, fatauci bai tsaya ba, domin kowane ɓangare na buƙatar abin da ayari ke kawowa.

Da Turawan Ingila suka zo, sai suka yi a Daura abin da ba su saba yi ba a sauran masarautu: tsakanin 1904 da 1906 suka mayar da sarauta ga tsohon gida, Malam Musa ya taso daga Zango ya shiga birnin kakanninsa. Sarautar da ta yi kusan shekara 80 a wani gari mai suna Zango ta koma gida. Ɗansa Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, wato ya hau gadon sarauta a zamanin raƙumi, ya rasu a zamanin babbar mota. Bayansa Muhammadu Bashar ya riƙe har 2007, sannan Mai Martaba Umar Faruk Umar.

Iyakar da aka gyara saboda rijiyoyi

Iyakar da ke arewa da Daura ma hanya ce ta haife ta. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta ja wani layi mai kama da baka, mil 100 kewaye da Sakkwato. Da Faransawa suka kama Zinder a 1899, sai suka tarar layin ya tura su cikin ƙasar da babu ruwa: ba su da hanyar da ayarin sojojinsu zai bi daga kogin Kwara zuwa Zinder ya sami rijiya a kowane zango. Suka matsa, aka gyara iyakar a yarjejeniyar 1904, aka ƙara daidaita ta a 1906, sannan wata tawagar haɗin gwiwa ƙarƙashin Tilho da O'Shee ta bi ƙasa tana kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908.

Sakamakon ya faɗa kan tsohuwar ƙasar Daura. Magarya da wasu garuruwan da ke da jini ɗaya da gidan sarautar suka koma hannun Faransa. Domin Bafaranshe ya sami hanyar gabas da yamma, sai aka gindaya shinge a kan tsohuwar hanyar kudu da arewa. Ba da daɗewa ba kuma jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a shekarar da Italiya ta kai wa Tarabulus hari. Kayan da a da ke hawa raƙumi watanni zuwa Bahar Rum suka koma bin dogo zuwa Ikko. Fataucin Larabawa ya durƙushe, ko da yake ayarin gishiri da na dabbobi da na hatsi sun ci gaba.

Baƙi masu jan ɗakinsu

A kan wannan sabuwar taswira ce masu tafi-da-gidanka suka ɓullo. A ranar 28 ga Oktoba 1924, tawagar kamfanin Citroën ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil ta taso daga Colomb-Béchar a Aljeriya da motoci takwas masu sarƙa a ƙafafun baya, suna jan ƙananan akwatunan kaya da tantuna da mai. Suka ratsa Sahara, suka biyo ta Yamai da Tasawa zuwa Zinder, wato ta ainihin hanyar da aka gyara iyaka dominta, suka wuce Tafkin Chadi, daga ƙarshe suka kai Madagaska a Yunin 1925. Tare da su akwai mai zane da mai ɗaukar fim. Sun zo su ga ƙasa su kuma nuna ta a Paris, kuma sun zo da kusan duk abin da suke buƙata.

Shekara goma bayan haka, wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka bar Landan a ranar 11 ga Disamba 1934 a kan babur ƙirar Panther mai kujera a gefe, yana jan akwati mai ƙafafu da ke ɗauke da tanti. Suka keta Sahara ta Tamanrasset da Agadas, suka iso Kano, suka kai Cape Town a ƙarshen Yulin 1935. A shekarun nan ne kuma wani kamfanin Faransawa ya fara jigilar fasinja da mota daga Aljas zuwa Kano ta duwatsun Hoggar.

Abin ya yi ƙarfi a shekarun 1970 da 1980. Matasan Turai kan cika manyan motoci da tantuna da tukwane da abincin gwangwani, su taso daga Landan ko Paris su nufi Nairobi ko Afirka ta Kudu, Kano kuma babbar matsaya ce a tafiyar, har gwamnatin jihar ta tanadar musu sansani. Ɗaya daga cikin hanyoyin shigowa daga Zinder ita ce ta Matamaye da Kwangwalam, a ratsa Daura da Kazaure, kan titin da taswirar Najeriya ke kira A2.

A nan bambancin ma'anonin nan biyu ya fito fili. Madugu na tsayawa domin dole. Jakinsa ya gaji, ruwansa ya ƙare. Mota kuwa na cinye tafiyar kwanaki a sa'o'i kaɗan. Tazarar Zinder da Kano, kimanin kilomita 240, ta zama tafiyar yini guda, garin da ke tsakiya ya tashi daga wurin kwana ya koma wurin shan mai da buga hatimi a fasfo. Wanda ke da sha'awar tarihi zai ratse ya leƙa Kusugu, ya ɗauki hoton ƙofar fada, ya koma mota. Mai fura ba ta gan shi ba, fatoma bai san da zuwansa ba.

Su ma ɗin ba su ɗore ba. Tawayen Buzaye a Nijar daga 1990, yaƙin basasar Aljeriya daga 1992, da sace Turawa 32 a Saharar Aljeriya a 2003, suka kashe hanyar ga masu yawon buɗe ido.

Hanyar da ake buɗewa ana rufewa

Mutanen ƙasa kuwa ba su daina tafiya ba. Kasuwar Mai'aduwa na tara dabbobi da hatsi daga ɓangarorin iyaka biyu kowane mako, dangi na ƙetarawa biki da ta'aziyya, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba da 'yancin zirga-zirga. Amma shekarun baya-bayan nan sun nuna yadda wannan 'yanci ke da rauni. A Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ba a fara buɗe wasu mashigai ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris 2024. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS. Masarautar da ƙananan hukumominta biyar ne, Daura da Zango da Baure da Mai'aduwa da Sandamu, mafi yawansu kuma na kallon Nijar ido da ido, ita ke fara jin zafin kowace rufewa.

A gefe guda kuma ana gina sabuwar hanya. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. An kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura a Disamban 2019. Tarihi ya riga ya yi gargaɗi a kan irin wannan: hanya mai sauri na arzuta inda ta tashi da inda ta ƙare, garin tsakiya kuwa sai ya samar wa matafiyi dalilin sauka.

Mu da ke zuwa yau

Baƙin Daura na yanzu mu ne: ma'aikata daga Abuja da Kaduna, ɗalibai a motar makaranta, 'yan siyasa da suka yi shekaru suna zuwa gaisuwar Sallah wurin Muhammadu Buhari, da masu ziyarar ta'aziyya tun da aka binne shi a gidansa a ranar 15 ga Yuli 2025. Yawancinmu, in za a faɗi gaskiya, tafi-da-gidanka muke yi. Mutum ya taso daga Kano da hantsi cikin mota mai sanyi, da ruwan roba da abinci a kula, ya sha ruwan Kusugu a ɗauke shi hoto, ya tsaya ƙofar fada, kafin la'asar ya kama hanya. An ce gani ya kori ji, amma irin wannan gani bai kai ya kori komai ba.

Abin da ke Daura ya fi ƙarfin sa'o'i biyu. Akwai Tsohon Birni, inda tarihin baka ya ce nan aka fara zama kafin Daurama ta dawo da gari wurin da yake. Akwai Zango da Baure, waɗanda in ba a je su ba ba za a fahimci ƙarni na 19 ba. Akwai Sallar Gani a watan Mauludi, lokacin da hawa da kiɗan fada da jerin masu sarauta ke shimfiɗa tsarin tsohuwar masarautar a fili, har da matsayin Magajiya da Galadima da Kaura, waɗanda sunayensu ke cikin labarin macijin. Akwai dattawan da suka yi fataucin dabbobi da ƙafa, waɗanda in sun tafi sun tafi da sunayen zangunan da babu su a kowace taswira.

Kaɗan daga abin da wannan ke buƙata aikin hukuma ne: tsaron hanya, iyakar da ba a rufe ta da sanarwar dare ɗaya, masaukai masu tsafta, da matasan gari da aka horar su yi wa baƙo jagora da ilimi. Sauran kuwa na matafiyi ne. Wanda ya kwana zai ci abincin gari, zai yi sallar asuba a masallacin unguwa, zai shiga kasuwa, zai tambaya a ba shi amsa, kuma kuɗinsa zai shiga hannun mai shayi da mai ɗinki da ɗan acaɓa. Wannan shi ne lissafin da fatoma ya sani tun kafin a ƙirƙiro kalmar yawon buɗe ido.

Sallar Gani na zuwa kowace shekara a watan Rabi'ul Awwal. Daga Katsina tafiyar ba ta wuce kimanin kilomita 80 ba, daga Kano kuma sa'o'i biyu ne ko ɗoriya kaɗan. Duk wanda ya yi niyya, ya sa kwana biyu a lissafinsa, ya bar kular abincin a gida.